Tsatsa Mai Hawa-Hawa

Babana maƙeri ne a bayan kasuwar Marwa.
Ba abin da ya tsana kamar tsatsa.
In ya gan ta a bakin fartanya sai ya ja tsaki,
ya ce iska ta ci ƙarfe da ransa.
Ni kuwa, 'yarsa ta huɗu,
tsatsa nake dafawa a ɗakin gwaji,
har da ɗan albashi a ƙarshen wata.

Garin alli, garin kobal baƙi ƙirin,
na auna, na niƙa a ɗan turmi kamar mai haɗa kwalli,
na danne shi ya zama ƙwaya,
faɗinta bai wuce dala biyar ba.
Kwana da wuni tana cikin tanderu.
Sau biyu kuran na ɗaukewa ana tsakiyar gashi,
sau biyu Abbo na dafe kai a bakin ƙofa,
mu koma farko.

Abin da ya fito ba ya ƙyalli.
Cikinsa dai hawa-hawa ne kamar albasar Miskin,
sai dai ido ba ya kaiwa can.
Wani hawan shimfiɗe yake, sumul,
lantarki na bin sa kamar babur a kwalta da asuba.
Na kusa da shi bai zauna daidai a kansa ba,
murfin wata tukunya ne a bakin wata,
nan zafi ke tuntuɓe,
ya tsaya tambayar hanya har ya makara.
Da sun dace da juna
da na tashi a tutar babu.

Na auna a kwance, hanya a buɗe.
Na auna a tsaye, shinge bayan shinge.
Duka biyun na rubuta,
ban ce ɗaya ta yi ƙarya ba.

Ran Lahadi na ƙunshe ƙwaya ɗaya a bakin zane
na kai maƙera.
Fuska ɗaya na jingina da bangon murhu,
ɗayar na manna mata gwangwanin ruwan randa,
waya nan, waya can.
Lamba ta motsa a fuskar ma'auni,
ta hau a hankali kamar tsoho a kan tudu,
ta tsaya a talatin.

Talatin ɗin me? in ji Baba.
Na ce, kashi talatin cikin dubu na bolt ɗaya.
Zai kunna tocila?
A'a.
Rediyo fa?
Sai an jera ɗaruruwa, an haɗa su hannu da hannu.
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
Sali mai zuga ma ya taya shi, ɗan banza.

Can ya ɗauki awartaki
ya kai ta gefen garwashi, ya bar ta ta yi ja.
Ya fitar. Ya jira. Ya kankara da farce.
Ƙarfe da ya sha haka ɓawo yake zubarwa,
wannan ko gezau.
Na ce, ta riga ta gama da iska, Baba,
ba sauran bashi tsakaninsu.

Bai amsa ba.
Ya mayar da ita inda na sa ta, da hannunsa.
Ruwan gwangwani ya riga ya yi ɗumi,
lamba na sauka, ashirin, sha bakwai.
Ya dubi murhu, ya dubi gwangwani,
na ga lokacin da abin ya faɗo masa.

Shekara arba'in da ɗaya, in ji shi,
ina zubar da wannan zafi a titi.

Ya ce, Sali, bar zugar nan.
Je gidan Jaratu ka roƙo mana ƙanƙara.